Wasiƙa kan ɗanmu da ke son tuƙin tirela

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da duk mutanenmu na Zangon Kumasi. Mu nan Kano sai godiya, hazo ne dai ya sauko da ƙarfinsa.

Na ga saƙonka cewa ɗanmu ya ƙwallafa rai a kan babbar mota, har wani ya yi alkawarin koya masa cikin wata uku. Maganar nan ta tsaya mini a rai. In don murɗa sitiyari ne, wata uku ma ya yi yawa. Amma mai sitiyari kaɗai, mu a tasha ba ma ce masa direba.

Ka san shekara shida na yi ina yaron mota, ina wanki, ina sa weji don tare taya, ina kwana ƙarƙashin tirela a Tafa da Mararrabar Jos. A lokacin gani nake maigidana, Allah ya jiƙansa, ɓata mini lokaci yake yi. Ranar da na gane karatun, a Hawan Kibo ne, mun taso daga Jos za mu gangara Akwanga da cikakken lodi. Kafin gangaren ya faka. Ya sauka da ɗan ƙarfensa yana bubbuga tayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne. Ya kai bayan hannunsa kusa da kowace ƙafa ya ji zafinta, ya duba gejin iska, sannan ya sa ƙaramar giya muka fara sauka kamar hawainiya. Wani matashi ya wuce mu da tirela yana danna mana ham. Ba mu kai ƙasa ba sai ƙaurin birki ya cika mana hanci. Can a kwana muka tarar da motar a kwance, buhuna a warwatse, yaronsa zaune bakin titi riƙe da kai. Allah ya sa ba a rasa rai ba.

Maigida bai ce komai ba sai da muka sha shayi. Sannan ya yi mini bayani: birkin tirela da iska yake aiki, kana yawan taka shi iskar na raguwa, ƙafafun na ɗaukar zafi, har ka taka ka ji fayau. Giya ita ke riƙe nauyi a gangare, kuma tun daga sama ake zaɓenta. In mota ta riga ta ɗauki gudu, giyar ba za ta shiga ba.

Sai kuma sanin abin da ke bayanka. Siminti zaune yake. Shanun da aka loda daga Potiskum zuwa Legas motsi suke, in suka karkata gefe guda mota ta bi su. Tanka kuwa, musamman wadda ba ta cika ba, man yana tafiya gaba da baya, ka tsaya shi bai tsaya ba. Ka dai ji abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a watan Oktoban 2024, da tanka ta kife, wuta ta ci sama da mutum 150. Har yau in na bi ta wurin jikina sanyi yake yi.

Abin da ya fi ba ni tsoro ga yaran yanzu shi ne barci. Doka ta ce tirela kada ta wuce kilomita 60 a awa ko a babban titi, amma mai kaya na waya, yaro na son a ce ya yi sauri, sai ya haɗiyi ƙwaya ya kwana yana tuƙi. Maigidana da ya yi hamma biyu zai faka, ya shimfiɗa tabarma, ko wa ke jira.

Don Allah kada ka ba mai wata ukun nan yaron. Turo mini shi bayan Sallah, zai zauna gidana tare da 'yan'uwansa, mu fara daga guga da weji. Ka gaya wa mahaifiyarsa ta kwantar da hankalinta. Ka gaishe mini da Baba, ka ce ina nan tafe in hanya ta kawo ni.

Naka har kullum,
amininka na Kano