Shawara ga Masu Zuwa Zumunci Kano da Mota

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in tunatar da iyalan da ke tasowa daga Kaduna zuwa Kano lokacin hutu.

Tafiyar kusan kilomita 230 ce, don haka a tashi bayan sallar asuba. Tun ana gobe tafiya a duba iskar taya, har da safaya, da ruwan lagireto da baƙin mai. In inji ya yi zafi, kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce, tururin yana ƙona fuska.

Dangin Zariya kuwa a sanar da su tun da wuri cewa gaisuwa ce kawai. In ba haka ba, za a ɗora tukunya, a riƙe ku har la'asar, ku shiga Kano cikin duhu.

Wajen cin abinci, a tsaya inda direbobin manyan motoci ke cika, domin can abinci ba ya kwana. A guji shinkafar da ta huce, tsire kuma a sa mai nama ya mayar da shi wuta.

Washegari a hau Dutsen Dala kafin rana ta take, sannan Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata. Kasuwar Kurmi sai a ƙafa, lungunanta ba sa ɗaukar mota.

Naku,
Wani mai karatu, Kaduna