Girman kai ya samu kujerar gaba a majami'unmu

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana Kirista Hausawa, na nan cikin Katsina da na ƙauyukan Malumfashi da Kafur inda aka yanke mini cibiya. Na san mafi yawan masu karanta ka Musulmi ne, kuma zancen ba baƙo ba ne gare su, don maƙwabcina, wani dattijon malami, ya sha gaya mini cewa girman kai ne ya fitar da Iblis daga rahama. Amma ni yau tsakar gidanmu zan share.

Kaka ta yi, majami'u sun fara shirin sujadar godiyar girbi. Duk mai zuwa ya san yadda ake yi yanzu. A jera kujeru masu katifa a gaba don manyan baƙi, sakatare ya riƙe lasifika yana kiran suna: wane buhu goma na masara, wane naira dubu ɗari biyu, mata su rangaɗa guɗa, masu ganga su ƙara wuta. Can sai ga gwauruwa ta taso da tiya ɗaya ta wake ƙulle a bakin zane, ta ajiye a gefe da sauri, ta koma tana sunkuyar da kai kamar wadda ta yi laifi. Shekara goma sha ɗaya ni ne mai riƙe lasifikar nan, don haka ba labari aka ba ni ba.

Sai dai abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami ya fi wannan nauyi a zuciyata.

Mahaifina kuturu ne. Yana saurayi aka kai shi Babbar Ruga, kan hanyar Batsari, lokacin da 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) ke kula da masu ciwon. Can ya samu magani, can ya koyi karatun boko, can kuma ya ji bishara. Ciwon ya tsaya, amma ya riga ya cinye masa yatsu. Har gobe ina ganinsa zaune a zaure da asuba, ya ɗora Littafi Mai Tsarki a gwiwa, yana lasar dungun hannunsa yana tura shafi da shi, wani lokaci biyu su tafi tare ya dawo da haƙuri. Da waɗannan hannuwa yake noma, ana ɗaure masa fartanya da tsumma a wuyan hannu, har ya biya mini karatu na zama malamin makaranta, daga baya hedimasta.

A shekarar 1998 na aurar da 'yata ta fari a nan Katsina. Na gayyaci abokan aiki da manyan gari. Baba ya taso daga ƙauye a bayan a-kori-kura, da buhun gero da kaji huɗu. Da na hango shi a ƙofar majami'a cikin tsohuwar rigarsa, manyan baƙina kuma suna zaune a gaba, sai na kira wani yaro na ce ya zaunar da shi a bencin baya kusa da ƙofa, wai can ya fi iska. Baba ya gane. Ya dube ni ya ce, "Ba komai, Malam. Daga nan ma ina jin waƙar." Bai taɓa kirana Malam ba sai ranar. Hotunan bikin suna nan a akwatina, babu shi ko a ɗaya.

Ya rasu da daminar 2001. Shekara uku ke nan tsakani. Kowace Kirsimeti ina zuwa gida da shinkafa da yadin shadda, in durƙusa in gaishe shi, amma "Baba, ka gafarce ni" ta ƙi fita daga bakina. Nakan shirya maganar tun daga tasha, in isa zaure sai harshe ya yi nauyi. Lokacin ina dattijon ikilisiya, ina tsayawa gaban jama'a ina koyar da tuba.

A nan na gane abin da ya sa koyarwar Kirista ta ɗauki girman kai tushen zunubai. Mashayi ya san yana sha, ɓarawo ya san dare ya fita. Mai girman kai kuwa yana ganin kansa daidai, saboda haka ƙofar tuba ce ta fara rufe masa. A Luka sura 18, Yesu ya ba da misalin mutum biyu da suka shiga Haikali yin addu'a. Ɗaya Bafarisiye ne, wato ɗan ɗariƙar Yahudawa masu tsananin bin dokar addini, ɗayan kuma mai karɓar haraji. Bafarisiyen ba ƙarya ya yi ba, da gaske yana azumi sau biyu a mako, yana fitar da zakka. Amma ya zo ne ya karanta wa Allah lissafin kirkinsa, bai roƙi komai ba, bai kuwa samu komai ba. Mai karɓar haraji da ya tsaya nesa yana bugun ƙirji shi ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a gaban Allah. Wasiƙar Yaƙub sura 4 da ta Bitrus ta fari sura 5 duk sun faɗi magana ɗaya: Allah yana gaba da masu girman kai, yana ba masu tawali'u alheri. Kalmar nan "gaba" tana sa tsikar jikina tashi. Wa zai yi gaba da Allah ya kwana lafiya?

Akwai labarai biyu da Baba ya fi so, kuma sai bayan rasuwarsa na fahimci dalili. Na fari, Sarki Uzziya, a littafin Tarihi na biyu sura 26. Ya hau gadon sarauta yana da shekara 16, ya yi mulki shekara 52, mutum ne mai son noma, ya haƙa rijiyoyi, ya gina hasumiyoyi, Allah ya ba shi nasara. Da ya yi ƙarfi sai ya shiga Haikali zai ƙona turare, aikin da na firistoci ne kaɗai. Babban firist da wasu 80 suka tare shi, ya husata, nan take kuturta ta fito masa a goshi, ya ƙare kwanakinsa a keɓe a wani gida dabam. Na biyu, Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, a littafin Sarakuna na biyu sura 5. Shi da kuturtarsa ya zo, da dawakai da dukiya. Annabi Elisha bai ko fito ba, ya aika a ce masa ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun. Ya juya da fushi yana cewa kogunan Dimashƙu sun fi. Barorinsa ne suka lallashe shi ya sauko, ya shiga ruwan, fatarsa ta koma kamar ta ƙaramin yaro. Baba yakan kai nan ya tsaya, ya ce, "Ka ga, da bai saurari yaransa ba, da ciwonsa zai koma gida."

Roƙona ga fastocinmu da dattawa da shugabannin zumuntar mata ba mai wuya ba ne. A daina kiran suna da adadin baiko, wato abin da mutum ya bayar don Allah, a lasifika. Na san za a ce kuɗi zai ragu, ginin majami'a zai tsaya. Wataƙila ya ragu ɗin. To in mutum ba zai bayar ba sai an yi masa guɗa, wa ya ba? Yesu da kansa ya ce kada hagu ta san abin da dama ta yi, kuma da ya zauna yana kallon masu zuba baiko, gwauruwa mai anini biyu ya yaba. Kujerun gaba kuma, a karanta Yaƙub sura 2, inda aka tsawata wa masu ce wa mai zoben zinariya "zauna nan", su ce wa matalauci "tsaya can". Kamar majami'unmu manzon ya leƙo ya rubuta. Yaranmu suna kallo, suna koyon cewa a gidan Allah ma akwai na gaba da na baya, kuma na san gwauraye fiye da ɗaya da suka daina zuwa ranar godiya don kunyar abin da ke hannunsu.

Bana na gaya wa fastonmu ba zan riƙe lasifika ba. Na kuma kira 'yata, na zaunar da ita da 'ya'yanta, na gaya musu inda kakanta ya zauna ranar aurenta da wanda ya sa aka zaunar da shi can. Ta yi kuka, ta ce ta neme shi da ido ranar ba ta gan shi ba, ta ɗauka bai samu mota ba ne.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naka,
Tsohon hedimasta,
Ƙofar Ƙaura, Katsina