A bar wa mai ƙafa da mai keke gefen titi a unguwannin bayan gari

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Edita.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu in kai kukan mutanen da ba kasafai ake tunawa da su ba idan ana zancen tituna. Ina zaune a Rijiyar Zaki, kan hanyar Gwarzo, cikin ƙaramar hukumar Ungogo a jihar Kano. Shekaruna sun haura hamsin. Bara likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, ya rubuta magani, sannan ya ce maganin kaɗai ba zai wadatar ba sai na haɗa da motsa jiki, aƙalla minti 150 a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya. Rabin awa ke nan a rana, kwana biyar. Na ga abu mai sauƙi, na sayi kambas, na fara fita sassarfa da an sallame sallar asuba.

A makon farko na gane cewa unguwar ba ta san da zamana ba. Cikin layukanmu babu kwalta, awon igiya ne, wani lungun ko motoci biyu ba sa giftawa. Da damina taɓo, da rani yashi mai kama ƙafa. Dole mutum ya fito babban titi, shi kuwa babban titi da asuba na masu tifa ne. Suna fitowa ɗauke da yashi, suna sauri su yi sawu biyu ko uku kafin cunkoso, ba su rufe kayan da tamfol ba. Wata safiya cikin hazon hunturu wata tifa ta matso ni har sai da iskarta ta kaɗa min riga. Na yi tsalle gefe, ƙafata ta hagu ta faɗa kwata marar murfi, na gurɗe a idon sawu. Sati uku ina sallah a zaune. Direban bai tsaya ba, kuma na yi imani bai ma gan ni ba, domin wurin duhu ne ƙirin.

Wani zai ce in tafi filin wasa mana. Mutumin Nasarawa yana da Filin Sukuwa kusa da shi, na cikin gari yana iya zuwa filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata. Ni kuwa sai na hau adaidaita sahu na ratsa gari, na biya kuɗin zuwa da dawowa, kafin in yi gudun rabin awa. Filayen da yaranmu ke ƙwallo a kai lokacin da muka tare, duk an yanka an sayar, an kafa bulo. Ba na zargin wanda ya sayi fili ya gina, ni ma haka na yi. Abin da ke damuna shi ne an yanka unguwa sukutum ba a ware ko taku ɗari na jama'a ba.

Zancen keke ya fi ci mini rai, domin a nan maganar abinci ce kafin ta zama ta lafiya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki kaɗan, daga baya ta zarce dubu. Mutane suka koma wa kekunan da suka jingine a zaure. Mai facin da ke bakin layinmu, wanda a da yake wuni yana gyangyaɗi a ƙarƙashin darbejiya, yanzu ba ya samun sukunin cin abinci: wannan ya kawo faci, wancan birki, wani sarƙa ta tsinke. Na ga malamin makaranta da littattafai ɗaure a kariya, na ga magini da cebur a saɓe, na ga ɗalibai suna nufar sabuwar harabar Jami'ar Bayero. Ɗana ma da keke yake zuwa makaranta, kuma duk ranar da ya wuce lokacin dawowarsa da minti goma, mahaifiyarsa tana bakin ƙofa da mayafi a hannu.

Tana da dalili. Mai keke a titin nan ba shi da wurin da zai ce nasa ne. Gefen kwalta ya cika da yashin da ruwa ya kwaso, ga teburan masu sayar da kaya, ga tulin bulo da rodi na masu gini, ga adaidaita sahu da ke yanko gefe ba sigina da zarar ya hango fasinja. Idan yaro ya kauce wa waɗannan ya shiga tsakiya, mota ta danna masa hon kamar ya yi laifi. Mu da muka tashi muka ga iyayenmu suna alfahari da kekunan Raleigh da Phoenix, ana goge su da tsumma ranar Juma'a, abin da ciwo a ga keke ya zama abin wulaƙantawa a kan hanya.

Mata kuwa ba a ma maganarsu. Uwargidana an ce ita ma ta riƙa tattaki saboda suga. Sau biyu ta fita da maƙwabciyarta, suka dawo saboda tsoron masu ƙwacen waya da kuma kallon da ake bin su da shi. Yanzu tsakar gida take zagayawa.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin gadar sama ɗaya ba. A share yashin gefen titi, a ja layi a ware wa masu keke, a hana kasa kaya a kansa. A rufe kwatoci. A sa fitilu masu aiki da hasken rana, a kuma riƙa duba su. A yi tudun rage gudu a gaban makarantu da masallatai, domin wanda mota ta buge tana gudun kilomita 30 a awa yakan tsira, amma da gudun ya kai 50 haɗarin mutuwa ya ninka sau da yawa. Ina kira ga KAROTA, wato hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, da Hukumar Kiyaye Haɗurra su riƙa leƙo bayan gari da sassafe, lokacin da tifofi ke gudu. Duk sabon filin da za a yanka, a wajabta ware wurin wasa kafin a sa hannu a takarda. Makarantun gwamnati masu fili kuma a buɗe su bayan asuba, a ware wa mata ranakunsu.

Mu ma ba mu zauna ba. Mu bakwai ne yanzu muke haɗuwa a ƙofar masallaci, mun sayi riguna masu ƙyalli, muna tafiya muna fuskantar motoci don mu ga abin da ke tahowa. Mun je wurin mai unguwa, ya yi alƙawarin 'yan sintiri za su riƙa kaiwa gari ya waye kafin su tashi. Fitila da kwata da layin keke kuwa sun fi ƙarfin aljihunmu, shi ya sa na rubuto.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu,
daga Rijiyar Zaki, Kano.