Wasiƙa zuwa ga ɗana, tare da faifan Kind of Blue

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kuma karatu yana tafiya daidai. Ga faifan nan da ka daɗe kana roƙona, Kind of Blue na Miles Davis, mai busa ƙaho a kiɗan jazz. Kafin ka ɗora masa allura, akwai abin da nake so ka sani.

An ɗauki kiɗan nan a birnin New York a 1959, a zama biyu kacal, ranar 2 ga Maris da 22 ga Afrilu, cikin wani tsohon coci da kamfanin Columbia ya mayar ɗakin ɗaukar sauti. Miles bai zo wa abokan aikinsa da cikakken kiɗa a rubuce ba. Jerin sautukan da za su yi yawo a ciki ya ba su, sauran kuwa kowa ya tsaro nasa nan take. Ba kuma ƙananan mutane ya tara ba: John Coltrane da Cannonball Adderley na busa saksofon, Bill Evans na kan fiyano, Paul Chambers na riƙe da bas (babban goge mai kaurin sauti), Jimmy Cobb na kan ganguna. A kiɗan "Freddie Freeloader" kaɗai Wynton Kelly ya karɓi fiyano.

Ka kasa kunne sosai a "So What". Bas ne ke jefa magana, fiyano da masu busa su amsa da sauti biyu, kamar 'yan amshi. Da Miles ya shigo da ƙahonsa, ka lura da yadda yake busa kaɗan ya yi shiru, ya bar Chambers da Cobb su ci gaba, sannan ya dawo ba tare da gaggawa ba. Coltrane na biye da shi da ruwan sautuka, amma duk zafinsa sai da ya jira Miles ya gama. Wannan shirun da wannan jiran nake so ka ji, domin na san ka da saurin baki, kana amsa tun mutum bai rufe nasa ba. Ka saurari "Blue in Green" ma, inda Adderley bai busa ko sau ɗaya ba.

Kada ka kunna shi kana latsa waya. Ka zauna ka ji gefen farko har ƙarshe, ka tashi ka juya faifan, ka ji "All Blues" da "Flamenco Sketches".

Ka riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya taɓa layukan. Ka ajiye shi a tsaye cikin jakarsa, nesa da rana, don zafi na lanƙwasa faifai. Da hunturu ka share ƙura kafin ka kunna, in allura ta tsufa ka canza ta.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ka rubuto min wanda ya fi shiga ranka tsakanin Coltrane da Adderley. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka