Zuwa ga mutumina na Alƙahira, kan maganar haɗa gida

Assalamu alaikum mutumina,

Ya karatu, ya zaman Masar? Su Hajiya duk lafiya lau, na leƙa su ranar Juma'a, ta ce in gaya maka ka daina kiranta tana tsaka da sallar walha.

Na saurari saƙonka na WhatsApp, wai nawa za ka tanada ka haɗa gida in ka dawo. Toh wallahi ba zan yanke maka adadi ba, don tunda aka cire tallafin mai a Mayun 2023 farashi baya kwana inda ya wuni, abin da na saya bara in na faɗa maka kuɗinsa yau yaudararka kawai zan yi. Ka duba fa, a 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma katifa ɗaya mai kyau irin su Vitafoam ko Mouka sai ta lashe shi tas ta nemi ƙari.

Kafin ma a zo kan kaya, haya ce za ta fara karya ka. Shekara guda ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali, sannan ka shiga gidan ka tarar ba ƙwan fitila ko ɗaya, kan famfo ya karye, ragar taga duk ta yage sauro na shiga yadda ya ga dama, dole ka canza kwaɗo don ba ka san mutum nawa ke da makullin tsohon ba, ga fenti in bangon ya yi dauɗa. Waɗannan ƙananan abubuwan ba mai sa su a lissafi kuma su ke cinye kuɗin. Ka ware musu nasu daban tun yanzu.

Abin da nake so ka riƙe shi ne kar ka taɓa sayen kujeru. Na san ka da son falo, amma kai da bikinka bai fi bayan babbar sallah ba? Gado, kujeru, sif, kayan kicin, ai duk dangin amarya ke kawowa, kuma ranar da 'yan jere suka zo ba ruwansu da naka, waje za su fitar da su tsakar gida rana ta dake su, ƙarshe ka bayar ko ka sayar da asara. Ka sa ƙanwarka ta ɗan bugi cikin amaryar a ji me da me za su kawo, musamman firji, don wasu gidajen suna haɗawa da shi wasu kuma ango suke bar wa. Ka shimfiɗa leda ko kafet, duk wanda ya zo gaishe ka ya zauna a ƙasa, ba wanda ya taɓa mutuwa don haka.

Naka na yanzu katifa ne da gidan sauro da fanka, sai ƙaramar silinda mai kilo 6 da tukunya biyu, buta, bokiti, da babban durom na roba saboda ranar da 'yan garuwa suka ƙi leƙo layinku. Robobi ka shiga Ƙofar Wambai, labule kuma kar ka sayi ɗinkakke, ka yanki yadi a Kwari ka kai wa tela ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Fanka da kayan wuta Sabon Gari, kuma a jona maka ka ga tana juyawa kafin ka miƙa kuɗi. Ni da zan ba ka shawara ma kuɗin talabijin ɗin ka fara zuba su a ƙaramar sola, fanel ɗaya da batir, ko ba komai a watan Afrilu ka yi barci da fanka kuma ka yi cajin waya.

Gwanjo ba laifi a firji ko tebur, amma katifa kam a'a. Kuɗin cizo a cikin ɗinkin gefe suke ɓuya, da rana ba za ka ga komai ba sai ɗan baƙin ɗigo-ɗigo, in suka shiga ɗaki kuwa sai Allah. Kafinta kuma in za ka ba shi aiki rabi za ka ba shi, sauran sai ya kawo, kuma ka taɓa katakon da hannunka don ɗanye daga baya yake banƙarewa ƙofa ta ƙi rufuwa.

Dan Allah ka nisanci manhajojin bashin nan na waya, ga ruwa a ciki ga tonon silili in ka makara. Akwai adashen da muke yi a wajen aiki, in kana so sai in yi magana a sa ka a zagaye mai zuwa, a ba ka ɗauka kusa da lokacin lefe.

Ka turo min ranar da za ka sauka da unguwar da kake so in fara sa dillalai su duba. Ka gaida 'yan ɗakinku.

Naka,
abokinka na Kano