Wasiƙa ga ɗana da ya shiga yaƙin neman zaɓe

Assalamu alaikum.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan gida sai godiyar Allah.

Mahaifiyarka ta faɗa mini an ba ka aikin kula da shafin ɗan takararku na gwamna a Facebook. Ban hana ka ba, Allah ya sa albarka. Amma akwai ranar da wannan aiki zai gwada ka: ranar da za a kai hari wani ƙauye, tun ba a yi wa mamatan sutura ba a turo maka hotunansu, a ce ka saka, ka rubuta sunan jam'iyyar da ke mulki a ƙarƙashinsu. Kada ka saka. Kowace gawa a hoton nan tana da uwa, kuma wataƙila a wayar maƙwabci za ta fara ganin ɗanta.

Za su ce maka hari na juya zaɓe, kuma gaskiya suka faɗa. A ranar 14 ga Afrilun 2014 bam ya tashi a tashar motar Nyanya da safe, da dare aka kwashe ɗalibai mata 276 a Chibok. Hedikwatar tsaro ta ce an ceto kusan dukkansu, daga baya ta janye maganar. Shugaba Jonathan ya yi kusan mako uku kafin ya yi wa 'yan ƙasa bayani. Ranar 28 ga Nuwamba aka kashe fiye da mutum 100 a babban masallacin Juma'a na Kano, sai kuma Baga a watan Janairu. Da zaɓe ya matso, hukumar INEC ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta ɗaga shi daga 14 ga Fabrairun 2015 zuwa 28 ga Maris, saboda jami'an tsaro sun ce suna buƙatar mako shida. A cikin makonnin nan, da taimakon sojojin Chadi da Nijar, aka ƙwato garuruwa da dama, har Gwoza ana gobe zaɓe. Mutane ba su yi tafi ba, tambaya suka yi: in ana iyawa, me ya hana tun da? Buhari ya samu ƙuri'a kusan miliyan 15.4, Jonathan miliyan 12.8.

A ganina ba bam ɗin kaɗai ya kayar da waccan gwamnati ba. Ƙarya da halin ko-in-kula da suka biyo baya su ne jama'a suka ƙi yafewa. Haka aka yi a Spain a 2004: an kai hari kan jiragen ƙasa a Madrid saura kwana uku zaɓe, gwamnatin Firaminista Aznar ta dage cewa 'yan awaren ETA ne, alhali shaidu na nuna wani wajen, jam'iyyarsa kuwa ta faɗi.

To, wanda ya hau mulki da alkawarin tsaro fa? Buhari ya mayar da cibiyar ba da umarnin yaƙi Maiduguri, an ƙwato ƙasa mai yawa, bama-bamai sun ragu a birane, wannan ba a musu. Amma tun Disambar 2015 ya ce an karya lagon Boko Haram, sai ga Dapchi a 2018 an ɗauke ɗalibai 110, ga manoman shinkafa na Zabarmari da yaran Ƙanƙara a 2020, ga jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris ɗin 2022. Da yawa daga waɗanda suka yi ta kururuwa a 2014 sai suka yi gum, waɗanda suka yi gum a da kuma suka buɗe murya. Wannan ne abin da ke ci mini rai, kuma ba na so in ga sunanka a cikinsu.

Muhawarar ma da ake yi, a yi sulhu ko a yi luguden wuta, lokacin kamfe kan koma gasar wa ya fi zama namiji. Masari ya gwada sulhu da 'yan bindiga a Katsina har sau biyu, daga baya ya ce sun ci amana. Matawalle ya gwada a Zamfara a 2019. El-Rufai ya ƙi sam a Kaduna. A duk jihohin uku ba a daina kwasar mutane ba. Don haka in ubangidanka ya hau mumbari ya ce wata shida ya ishe shi, ka tambaye shi a keɓe da me zai yi. Soja da 'yan sanda na gwamnatin tarayya ne, gwamna ba ya ba su umarni kai tsaye. Abin da ke hannunsa shi ne sa ido kan 'yan sa-kai kada su kashe marar laifi a kasuwa, da burtali da mashayar dabbobi, da makarantun ƙauye, da komawar 'yan gudun hijira gonakinsu. Ka matsa masa ya yi magana a kan waɗannan, da kuma inda kuɗin tsaron da ake ware wa ofishin gwamna zai riƙa tafiya.

Ranar da aka kai hari, ka tabbatar da labari kafin ka rubuta. Ka faɗi garin, ka yi ta'aziyya, in asibiti na neman jini ka sanar. Tambayar gwamnati halal ce, ka yi ta da hujja, irin wadda za ka yarda a yi wa naka in ya ci. In kuma suka dage sai hotunan gawa, ka ajiye musu wayarsu, ba za ka rasa abinci a gidan nan ba.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara. Allah ya yi maka albarka.

Naka,
Babanka