Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Gidanmu na Ngaundare da Nauyin Motar Ƙungiya

Assalamu alaikum iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, yayyena da ƙannena 'yan ƙungiya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan shekara. Mun rasa biyu daga cikin dattawan da aka sayi gidan nan da guminsu, Allah ya jiƙansu, ya sa Aljanna ce makoma. Kamar yadda yarjejeniyarmu ta tanada, rabonsu ya koma hannun magada, kuma mun riga mun rubuta sunayen wakilan iyalan a littafi.

Saboda waɗannan sababbin shiga, bari in maimaita tsarin a taƙaice. Gida ɗaya ne a Ngaundare, mun kasa shi rabo 26, kowane rabo mako biyu a shekara. Mai rabo ya tafi da iyalinsa ya huta, ko ya sauki baƙonsa, ko ya jira jirgin ƙasa na Yawunde, ko ya duba ɗansa da ke karatu a jami'a can Dang. Irin wannan hutu na karɓa-karɓa a tsaunukan Faransa da Suwizalan ya samo asali cikin shekarun 1960, kuma har yau ƙa'idarsa ɗaya ce a can da nan: ka je ko ba ka je ba, kuɗin shekara yana wuyanka.

Ta fuskar gidan kansa, alhamdu lillahi. An sauya kwanon rufin ɗakin baya kafin saukar damina, an wanke tankin ruwa, an yi fenti a falo. Mai gadi yana nan da amanarsa. Azumi ya kama daga Maris zuwa Afrilu, daidai lokacin da zafin garinmu Garwa ke haura digiri 40, don haka makonnin nan kowa ya miƙo hannu. Ƙuri'a muka jefa a gaban jama'a, wanda ya samu ya samu, ba a ji ƙorafi ba.

Inda maganar take shi ne mota.

Tun farkon shekara nake shan tambaya a kasuwa da ƙofar masallaci: Malam magatakarda, gidan bai ƙara ɗaki ba, me ya sa kuɗin shekara ya ƙaru da sefa 25,000 cikin shekara biyu? Tambaya ce ta gaskiya, kuma haƙƙinku ne ku ji amsa dalla-dalla. Gidan bai ci ko sisi daga wannan ƙari ba. Hiace ɗinmu ce ta cinye shi.

Ga lissafin. Daga Garwa zuwa Ngaundare kusan kilomita 280 ne, zuwa da dawowa 560. Motar tana shan kamar lita 12 ta gazuwal a kowane kilomita 100, wato wajen lita 67 a sawu guda. Sawu 26 take yi a shekara, ta hau da iyalin da makonsu ya kama, ta sauko da waɗanda suka gama. Kafin watan Fabrairun 2023 litar gazuwal sefa 575 ce. A wannan wata gwamnati ta mai da ita 720, a Fabrairun 2024 kuma ta kai 828. Ƙarin sefa 253 ke nan a kowace lita. Ku ninka da lita 67, za ku ga kowane sawu ya ƙaru da kusan sefa 17,000, kuma tunda sawu ɗaya ne ga kowane rabo, wannan kuɗi kai tsaye ya hau kan kowannenku. Ragowar 8,000 ta tafi ne wajen taya, birki, da ɗan ƙarin da muka yi wa direba, wanda ni a ganina ya ma yi kaɗan in aka dubi tsadar masara da shinkafa.

Ba ta nan kaɗai man ya cije mu ba. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a kwalabe bakin titi, ya daina araha. Babur ɗin da mai gadi ke zuwa cefane da shi, da 'yan acaɓar da ke kawo ku inda mota ke tashi, duk sun ji a jikinsu, mu ma muka ji a asusu.

Sai kuma hanyar. Duk wanda ya bi ta ya san Falez, wannan hawa mai lanƙwasa da ke tsakanin Mbe da tudun Adamawa. A hawa inji ke wahala, a gangara birki. A watan Agusta ina cikin motar, muna saukowa ana yayyafi, sai warin ƙonewa ya cika mana hanci. Direba ya lallaɓa ya raɓe gefe, yaron mota ya dira ya tallafe taya da duwatsu. Akwai wata Hajiya cikin iyayenmu a kujerar bayana, carbi a hannu, jikokinta uku a jikinta. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, “Ɗana, in kuɗi ne ya hana gyara, ku faɗa mana mu kawo.” Wallahi na ji kunya har cikin raina, domin na san mun ɗage sauya birkin nan wata guda don jiran waɗanda ba su biya ba. Awa huɗu muka yi kafin makaniki ya iso. Daga ranar kwamiti ya yanke cewa ba za a sake jinkirta gyaran birki ko taya ba, ko da rance za a ci.

Yanzu ga ƙorafin da ya fi nauyi, kuma ba zan rufe shi ba. Cikin masu rabo 26, akwai waɗanda ba su taɓa sa ƙafa a motar nan bana ba. Wasu suna da motocin kansu. 'Yan'uwanmu na Marwa kuma sai sun fara cin fiye da kilomita 200 a motar haya kafin su iso Garwa, don haka da yawansu sun gwammace su zarce kawai. Masu makonnin tsakiyar damina wasu ba su ma je ba sam. Amma a sawunsu motar ta tashi, don dole ta je ta ɗauko masu saukowa, ta hau babu kowa sai direba da yaronsa. Suna cewa ana sa su biyan man da ba su sha ba. Gaskiyarsu ce.

Wasu sun kawo shawarar a sayar da motar, kowa ya kai kansa. Ni dai ban goyi baya ba, kuma ina roƙonku ku dube ta da idon rahama. Wa ke shiga motar nan? Tsofaffi ne, da matan da mazajensu suka rasu suka bar musu rabo, da masu yara ƙanana da kaya niƙi-niƙi. In aka sayar da ita, masu hali ba za su ji komai ba, amma waɗannan bayin Allah rabonsu zai zama takarda kawai a cikin akwati. Iyayen da suka haɗa kuɗin gidan nan don zumunci suka yi, kuma zumunta a ƙafa take.

Abin da kwamiti zai gabatar muku shi ne a raba kuɗin motar gida biyu. Abin da ake biya ko motar ta motsa ko ba ta motsa ba, wato inshora, takardu, gwajin lafiyar mota da albashin direba, ya zauna cikin kuɗin shekara, kowa ya ɗauka daidai wa daida, domin motar dukiyar kowa ce. Gazuwal da kuɗin shingen hanya kuwa, wanda ya shiga shi zai biya, a kasa tsakanin iyalin da ke hawa da wanda ke saukowa. In aka amince, 'yan Marwa da masu motocin kansu za su ga sauƙi a fili tun daga shekara mai zuwa. Mun kuma nemi izini a riƙa sayar wa 'yan'uwa da maƙwabta kujerun da suka rage, musamman masu zuwa tashar jirgin ƙasa, kuɗin ya shiga asusun birki da taya. Ga iyayenmu mata huɗu da ba su da mai tallafa musu, mun roƙi a ɗauke musu kuɗin man daga wannan asusu, ba tare da an kira sunan kowa a taro ba.

Har yanzu rabo biyar ba su kammala biyan 2024 ba. Ba mu aika wa kowa takardar gargaɗi ba, mun san halin da kasuwa ke ciki. Amma don Allah wanda abin ya yi wa nauyi ya samu ma'aji a keɓe, a tsara masa biya kaɗan-kaɗan, domin inshorar motar tana ƙarewa a watan Fabrairu.

Babban taro yana nan Asabar ta biyu a watan Janairu bayan sallar La'asar, a gidan shugaba. Littafin shiga da fita da rasiɗan gidan mai na sawu 26 duka za su kasance a kan tabarma, kowa ya duba da hannunsa. Wanda ba zai samu zuwa ba ya turo wakili da rubutaccen izini, don a kan maganar motar za a kaɗa ƙuri'a.

Wassalam.

Magatakardan ƙungiya, Garwa